Kwamfutar tebur ta ƙi hawa Windows 11: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta, masu kwamfutocin tebur a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu suke ta ƙoƙarin ɗora Windows 11, kuma da yawa daga cikinsu suna cin karo da ƙin amincewar na'ura. Kusan duk wata turjiya tana komawa ga ɗaya daga cikin abubuwa uku: ko dai kayan cikin kwamfutar ba su kai sharaɗin ba, ko sun kai amma akwai saitin da aka kashe, ko kuma tsohuwar Windows ɗin ce ta sami matsala. Gano wanne ne daga cikinsu shi ya kamata ya zo kafin a kashe data, kafin a sayi wani abu, kuma kafin a bar kowa ya yi wa na'urar fomat.

Ta yaya zan san ko kwamfutata ta cancanci Windows 11 tun farko?

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke ƙaramar manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft, a buɗe ta, a danna maɓallin Check now. Idan na'urar ba ta cancanta ba, manhajar za ta faɗi sharaɗin da aka rasa da sunansa, wanda ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan saƙon da Windows Update yake nunawa, domin shi yakan ce kawai kwamfutar ba ta cika ƙa'ida ba.

Sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya tun fitowar Windows 11 ranar 5 ga Oktoba 2021 su ne: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai bit 64 wadda take cikin jerin da aka amince da shi, RAM aƙalla gigabait 4, ma'ajiya aƙalla gigabait 64, tsarin tayar da na'ura na UEFI mai iya Secure Boot (tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da na'ura), na'urar tsaro ta TPM sigar 2.0, da katin hoto mai ɗaukar DirectX 12. Ban da waɗannan, dole Windows 10 ɗin da ke kai ta kasance sigar 2004 ko wadda ta biyo bayanta. Ana duba wannan ta hanyar danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta winver, a danna Enter. Idan siga ta tsufa, sai a fara kai ta 22H2, wadda ita ce ta ƙarshe, sannan a sake gwadawa.

An ce mini babu TPM 2.0. Shin hakan na nufin sai na sayi wata kwamfuta?

Galibi a'a. TPM wani sashe ne da ke adana makullan sirri na na'ura, kuma a mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera a 'yan shekarun nan yana nan a ciki, ko dai a matsayin ƙaramin guntu a kan madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta suke haɗe a kansa, ko kuma a cikin furosesar kanta. Matsalar ita ce masu ƙera madabod da dama, musamman na kwamfutocin da ake harhaɗawa da hannu, sun daɗe suna fitar da shi a kashe.

Don a tabbatar, a danna Windows da R, a rubuta tpm.msc. Idan taga ta nuna cewa TPM a shirye yake, a duba wurin da aka rubuta Specification Version, a ga ko 2.0 ne ko 1.2. Idan ta ce ba a sami TPM ba, sai a shiga saitin BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. Ana shiga ne ta danna wani maɓalli da zarar an kunna na'urar: F2 a kwamfutocin Dell, F10 a HP, F1 a yawancin na Lenovo, Delete ko F2 a madabod irin na ASUS da makamantansu. Abin da ke rikita mutane shi ne sau da yawa ba a rubuta TPM ƙarara ba. A na'urori masu furosesar Intel ana kiran sa PTT ko Platform Trust Technology, a na AMD kuwa fTPM, wasu kuma suna rubuta Security Device Support. Ana samun sa a ƙarƙashin Security ko Advanced. A kunna shi, a adana canjin, a sake tayar da na'urar.

Akwai zaɓin da ke kusa da shi mai suna Clear TPM, kuma ba shi ake nema ba. Shi goge makullan da ke ciki yake yi, wanda zai iya hana mutum shiga faifan da aka kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, idan ba shi da lambar ceto.

Idan kuwa TPM 1.2 ne, wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP suna da manhajar da kamfanin ya fitar don mayar da shi 2.0, sai dai kafin a wahalar da kai a duba furosesar tukuna, domin na'urorin da suka zo da 1.2 yawanci furosesarsu ma ba ta cikin jerin.

Me ya sa aka ƙi furosesata alhali tana da ƙarfi, Core i7 ce ma?

Domin zamanin furosesar ake dubawa, sunan i5 ko i7 bai shiga lissafi ba. A ɓangaren Intel, jerin ya fara ne daga zamani na takwas, sai wasu 'yan ƙalilan na zamani na bakwai da aka amince da su. Lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan furosesar ita ce ke nuna zamanin (daga zamani na goma, lambobi biyu na farko): i7-6700 ta shida ce, i7-7700 ta bakwai, i5-8500 ta takwas. Saboda haka ƙaramar i3-8100 za ta wuce, babbar i7-7700 kuma a ƙi ta, duk da cewa ta biyun ba ta gaza ta farkon a aikin yau da kullum ba. A ɓangaren AMD, Ryzen na farko irin su 1600 ba sa ciki, Ryzen 5 2600 tana ciki, amma 2400G ba ta ciki duk da lambarta ta fara da biyu, saboda ƙirar cikinta ta zamanin farko ce.

Wannan sharaɗi shi ya fi shafar masu kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda suka cika kasuwanninmu. Dell OptiPlex 7040 da 7050 da HP EliteDesk 800 G3 na'urori ne masu ƙarko, amma furosesoshinsu na zamani na shida ne ko na bakwai. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 su ne farkon waɗanda suka zo da na takwas. A idon mai saye kusan kamarsu ɗaya, don haka wanda zai sayi ta hannu yanzu ya nemi a kunna masa ita ya karanta lambar furosesar da kansa, kada ya wadatu da cewa an riga an ɗora mata Windows 11, domin ana iya ɗora ta ta bayan fage.

To zan iya canza furosesar kaɗai?

Ya danganta da madabod. A Intel, furosesoshin zamani na shida da na bakwai da na takwas duk suna da gurbi mai suna LGA 1151, abin da ke sa mutane su ɗauka za su shiga wurin juna, amma na takwas suna buƙatar madabod mai chipset na jerin 300, kuma ba sa aiki a kan na jerin 100 da 200. A AMD lamarin ya fi sauƙi, saboda gurbin AM4 ya daɗe ana amfani da shi, kuma madabod da yawa suna karɓar sabuwar Ryzen bayan an sabunta BIOS. A duba jerin furosesoshin da mai ƙera madabod ɗin ya wallafa kafin a biya kuɗi.

Secure Boot ya ƙi kunnuwa, ko kuma na kunna shi Windows ta daina tashi. Me ya faru?

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka yana da kyau a fahimci yadda abin yake. Akwai hanyoyi biyu da kwamfuta take tashi: tsohuwar hanya da ake kira Legacy ko CSM, da sabuwa ta UEFI. Haka kuma akwai hanyoyi biyu na tsara faifan ajiya: MBR, wanda ke tafiya da tsohuwar hanya, da GPT, wanda ke tafiya da UEFI. Masu gyara da yawa, idan suna ɗora Windows 10 daga filashi, sukan bi tsohuwar hanya ko da na'urar tana iya sabuwar, sai faifan ya zama MBR. Idan daga baya aka shiga BIOS aka kashe CSM don a kunna Secure Boot, na'urar za ta nemi faifan GPT ta rasa, sai ta ce babu abin da za ta tashi da shi. Fayiloli suna nan ba su ɓata ba. Mayar da saitin yadda yake a da zai dawo da Windows.

Hanyar da ta dace ita ce a fara dubawa: a rubuta msinfo32, a nemi layin BIOS Mode. Idan UEFI aka rubuta, Secure Boot kaɗai za a kunna. Idan Legacy ne, sai an juya faifan zuwa GPT tukuna. Windows 10 tana da kayan aikin da ke yin haka ba tare da goge komai ba, sunansa mbr2gpt. A buɗe Command Prompt da ikon Administrator, a rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. Idan binciken ya wuce lafiya, a rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS. Da zarar ya gama, a sake kunna na'urar, a shiga BIOS kai tsaye, a mayar da ita UEFI, a kashe CSM, a kunna Secure Boot. Kayan aikin yakan ƙi idan faifan yana da manyan ɓangarori fiye da uku, ko yana da ɓangaren da ake kira extended, abin da ake yawan gani a kwamfutocin da aka raba faifansu zuwa C da D da E.

Juyawar ba ta da hanyar komawa baya da kayan aikin, saboda haka a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje kafin a fara. Idan BitLocker yana kunne, a dakatar da shi, a kuma rubuta lambar cetonsa mai lambobi 48 a takarda.

Kwamfutar ta cika duk sharuɗɗa, amma Windows Update bai kawo tayin ba.

Bayan an kunna TPM ko Secure Boot, Windows Update yakan ɗauki lokaci kafin ya sake tantance na'urar, don haka a sake gudanar da PC Health Check a ɗan jira. A duba kuma ko an sanya haɗin intanet ɗin a matsayin Metered connection, domin masu amfani da datar waya sukan kunna wannan don tsimi, shi kuma yana hana manyan saukewa. Dalili na uku shi ne abin da Microsoft ke kira safeguard hold, wato dakatarwar da kamfanin yake yi da gangan ga na'urorin da ke da wani direba (ƙaramar manhajar da ke sa wani sashe na na'ura ya yi aiki da Windows) ko manhaja da aka san tana rikici da sabuwar siga. Wannan yakan warware idan an sabunta direban. Idan kwamfutar ta ofis ce da sashen kula da na'urori yake juyawa, mai yiwuwa su ne suka toshe, kuma su za a tambaya.

Wanda ba ya son jira yana iya sauke Windows 11 Installation Assistant daga shafin Microsoft ya yi hawan da kansa.

Hawan ya yi nisa, sai ya tsaya ya koma Windows 10 da wata lambar kuskure. Me lambar take nufi?

A rubuta lambar daidai yadda take, domin ita ce ke nuna inda za a dosa. Ana samun ta a tarihin sabuntawa da ke cikin Windows Update idan ta wuce ba a gani ba.

Lambar da ta fara da 0xC1900101 kusan kullum direba ne. A cire duk abin da ke maƙale da na'urar ban da madannai da linzami, wato firinta, sikana, filashi, faifan waje da kyamara. A sabunta direban katin hoto da na ma'ajiya da na intanet daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a cire manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta idan ba ta Windows ba ce, sannan a sake gwadawa. A kwamfutar tebur a tuna da katunan da aka soka a ciki, kamar tsohon katin sauti ko na Wi-Fi, domin su ma suna da direbobi, kuma mai na'urar yakan manta da su saboda ba ya ganin su. Lambar 0xC1900208 tana nufin akwai manhajar da ba ta dace ba, sai an cire ta. Lambar 0x80070070 ƙarancin wuri ne a faifai. Lambar 0xC1900200 tana nufin ba a cika sharuɗɗa ba. Lambar 0x800F0922 takan zo idan ƙaramin ɓangaren da Windows ta keɓe wa kanta a faifai ya cika, ko kuma VPN ya hana isa ga sabar kamfanin. Lambar 0x80073712 kuwa fayilolin Windows ne suka lalace ko suka ɓata.

Idan lambar ba ta wadatar ba, akwai kayan aikin Microsoft mai suna SetupDiag, wanda ke karanta bayanan hawan da ya gaza ya fitar da dalilin, sau da yawa har da sunan direban da ya jawo matsalar. Minti goma da shi sun fi sake sauke gigabait da yawa sau uku a kan zato.

Yaya ake gyara fayilolin Windows da suka lalace?

A buɗe Command Prompt da ikon Administrator, a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a bar shi ya gama ko da ya yi kamar ya tsaya, sannan a rubuta sfc /scannow. Na farko yana gyara rumbun da Windows take ɗauko fayiloli masu lafiya daga ciki, na biyu kuma yana amfani da rumbun wajen maye gurbin waɗanda suka lalace, shi ya sa aka jera su haka. Idan saukewar ce take tsayawa a wuri ɗaya, a dakatar da hidimar sabuntawa da net stop wuauserv da net stop bits, a canza wa babban fayil ɗin SoftwareDistribution da ke cikin C:\Windows suna, a sake kunna na'urar. Windows za ta ƙirƙiri sabo ta fara saukewa daga farko.

A kuma dubi agogon kwamfutar. Tsofaffin na'urorin tebur da suka daɗe a ajiye, ko waɗanda ake yawan raba su da wuta, batirinsu na madabod mai lamba CR2032 yakan mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kuma haɗi da sabar sabuntawa yakan gaza idan kwanan wata ba daidai ba ne. Mutuwar batirin nan tana iya mayar da saitin BIOS na asali, wato TPM ɗin da aka kunna jiya ya sake kashewa.

Idan aka ɗauke wuta ana cikin hawan fa?

Kwamfutar tebur ba ta da batiri kamar ta tafi-da-gidanka, saboda haka wannan haɗari ne na gaske a inda wuta ba ta da tabbas. Idan yankewar ta zo lokacin saukewa, babu wata illa sai ɓata lokaci. Idan ta zo bayan na'urar ta fara kashe kanta tana kunnawa, yawanci Windows takan koma tsohuwar siga da kanta, amma ba kullum ba. Mafi haɗari duka shi ne yankewar wuta ana sabunta BIOS, domin tana iya kashe madabod ɗin gaba ɗaya. Ƙaramar UPS ta 'yan mintuna ce, amfaninta shi ne riƙe na'urar kafin a tayar da janareta, ba za ta ɗauki hawan da kan wuce awa guda a faifai mai juyawa ba. A yi aikin a kan inbata ko sola ko janareta mai isasshen mai.

Datata ba ta da yawa, kuma kwamfutocin sun kai goma. Dole kowacce ta sauke nata?

Ba dole ba ne. A sauke fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da Windows 11 gaba ɗaya, sau ɗaya daga shafin Microsoft, wanda ya haura gigabait 5, ko a haɗa filashi mai aƙalla gigabait 8 da Media Creation Tool. A kowace kwamfuta, ana cikin Windows 10, a buɗe ISO ɗin ko filashin a danna setup.exe, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Tayar da na'urar daga filashin kuwa hanya ce ta sabon zubi, wadda ba ta riƙe manhajoji. Idan zaɓin riƙewar ya ƙi dannuwa, galibi harshen ISO ɗin ne ya bambanta da na Windows ɗin da ke kai, misali Ingilishin Amurka da Ingilishin ƙasa da ƙasa. Haka kuma Windows 10 mai bit 32 ba ta hawa Windows 11 kai tsaye, domin Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai, sai dai sabon zubi.

Mai gyara ya ce zai iya ɗora mini ita ko da na'urar ba ta cancanta ba. In yarda?

Gaskiya ne ana iya yi, da manhajoji irin su Rufus da ke cire binciken TPM da na furosesa, kuma a kan na'urar zamani na shida ko na bakwai yawanci tana aiki ba tare da wata matsala a bayyane ba. Amma a san abin da aka karɓa. Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma a aikace sabuwar siga ta shekara-shekara ba ta zuwa mata da kanta, sai an sake maimaita dabarar. Akwai kuma iyakar da dabara ba ta tsallakewa: daga sigar 24H2, Windows 11 tana buƙatar umarnin POPCNT da SSE4.2 a cikin furosesa, don haka na'urorin zamanin Core 2 Duo ba sa tashi da ita ko kaɗan.

Ga kwamfutar gida da ake karatu da kallo a kanta, mutum yana iya ɗaukar kasadar da saninsa. Ga wadda ke riƙe da lissafin kasuwanci, ko bayanan ɗalibai, ko na marasa lafiya, ban ga hikimar dogaro da tsarin da mai shi ya ce bai ɗauki nauyinsa ba. Abin da bai kamata a karɓa ba ko a wane hali shi ne Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima aka sauke ta daga shafin da ba a sani ba, domin babu mai iya faɗin abin da aka cusa a ciki.

Idan na'urar ba za ta taɓa cancanta ba, me ya rage?

Windows 10 ba ta daina aiki ba, gyaran tsaro na kyauta ne ya tsaya. Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda aka sanar cewa zai kai 13 ga Oktoba 2026, a lokacin da aka buɗe shi ana shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ta haɗa saitin na'urar da asusun Microsoft, da sharaɗin tana kan 22H2. Wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu da lissafi ba yana iya komawa Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a kan furosesar zamani na shida, amma ya fara gwada su daga filashi ya tabbatar firintarsa da sikanarsa suna aiki, kuma ya san cewa manhajoji irin su CorelDRAW da Microsoft Office na tebur ba a yi su don Linux ba, abin da ke da nauyi ga shagon zane da buga takardu.

Na hau Windows 11, sai wata manhajar aikina ta daina aiki. Zan iya komawa?

Ana iya komawa cikin kwana 10 daga ranar hawan, ta Settings, sannan System, sannan Recovery, a danna Go back. Komawar ta dogara ne da babban fayil ɗin Windows.old da ke cikin faifan C, saboda haka kada a goge shi don neman wuri har sai an gwada firinta da manhajar lissafi da duk abin da ake ci da shi. Bayan kwanakin Windows takan share shi da kanta, daga nan kuma sai sabon zubin Windows 10. Lasisin ba ya ɓata a tafiya ko a dawowa: na'urar da ke da sahihiyar Windows 10 Home za ta sami Windows 11 Home, mai Pro ta sami Pro, ba tare da an sake biyan kuɗi ba.